Kafin ka tayar da babur ka shiga hanyar ƙauye

Ɗan'uwa matashi, tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da ka ɗauki babur daga Daura za ka ƙauyukan Baure ko Zango, ko ka bi ta gona ka ɓulla kasuwar Mai'adua, wa ka gaya wa hanyar da za ka bi? Yawancinmu ba ma faɗa wa kowa. Mu dai a murza, a ce Allah Ya kiyaye.

To amma hanyar ƙauye ba kwalta ba ce. Da rani rairayi ne ke fizge tayar gaba, musamman in ka damƙe birkin hannu a guje. Da damina kuma kwari kan cika cikin minti kaɗan, ruwan da ka raina ya tafi da kai da babur ɗin. In ka faɗi a can, babu jami'in kiyaye haɗurra a kusa, wani wurin ma sabis babu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan, ni da kai.

Shirin ba tsada gare shi ba. Ka sa hular kwano ko da abokai za su yi maka dariya. Ka duba birki, fitila da iskar taya, ka tabbata manka zai kai ka ya dawo da kai. Ka riƙe ruwan sha, kayan faci da tocila, ka cika wayarka da caji. Ka ajiye lambar 112 ta gaggawa da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Ka daina goyon mutum uku, ka bar tafiyar dare.

In kuma abin ya faru da wani a gabanka, don Allah ajiye ɗaukar bidiyo. Danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta. Kada ka zuba wa rauni ƙasa ko baƙin mai. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a ciccɓe shi a ɗora a babur, a nemo mota a kwantar da shi a miƙe zuwa asibiti.

Na san za ka ce komai ƙaddara ne. Haka ne, amma tawakkali bai hana shiri ba. Mahaifiyarka na jiran dawowarka, ka gaya mata inda za ka kafin ka fita.