LAFIYA UWAR JIKI: Bayan Sallama Daga Asibiti

Ranar da aka sallami mai shanyewar ɓarin jiki daga Asibitin Ƙwararru na Jimeta, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, dangi sukan yi hamdala, su ɗauka an gama. Alhali kuwa a ranar ce babban aiki yake farawa. Magidancin da ya saba ciyar da mutum goma, ga shi ya koma gida ba ya iya ɗaga buta.

Akwai fannin jinya na musamman domin wannan hali, wato koya wa majinyaci ayyukan yau da kullum: cin abinci, alwala, sa tufafi da zagayawa. Tun 1988 Nijeriya ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista tare da masu gashin ƙashi, amma har yanzu ba su da yawa. Saboda haka nauyin ya koma wuyan iyali.

To, a nan ne tausayi yake yin ɓarna. Uwargida ta ba shi abinci a baki, ɗa ya sa masa riga, shi kuwa yana kwance. Hannun da aka hutar sai ya ƙara sandarewa, domin ƙwaƙwalwa da maimaici take sake koyo, kuma a watanni uku zuwa shida na farko aka fi samun sauƙi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Kayan aikin suna cikin gida. A naɗa tsumma a mariƙin cokali don ya yi kauri. Wajen sa riga a fara da hannun da ya raunana, wajen cirewa a fara da mai lafiya. A huda kujera a ɗora bisa masai, a kawar da tabarmar da ke sa tuntuɓe. Ɓarar gyaɗa da jan carbi suna motsa yatsu. Wanda damarsa ta shanye ya ci da hagu ba kunya, gama lalura ce.

Kafin a bar asibiti, wajibi ne mai jinya ya nemi ma'aikata su gwada masa waɗannan dabaru a gabansa. Gwamnatin Jihar Adamawa kuma ya kamata ta horar da ma'aikatan lafiya na unguwanni su riƙa bin irin waɗannan majinyata har gida.