Narambaɗa na Tubali da Gayarre na Roncal

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, a ƙasar Sifaniya an yi wani mawaƙi, Julián Gayarre, wanda aka haifa a ƙauyen Roncal a 1844. Kiwo ya fara yi, sa'an nan ƙira, kafin zaƙin muryarsa ya kai shi manyan dandalin opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, a Milan da Landan. Ya rasu a 1890, ba a kuwa sami faifai ko ɗaya na muryarsa ba. Duk da haka mutanensa suka mai da gidan iyayensa gidan tarihi, suka ajiye tufafinsa da takardunsa, har da maƙogwaronsa, aka kuma sa sunansa ga babban gidan wasa na Pamplona.

To, mu dawo gida. A Tubali, cikin ƙasar Shinkafi ta yau, aka haifi Ibrahim Narambaɗa. Shi ma ɗan ƙauye ne. Ya yi kokawa da waƙoƙin noma kafin ya ɗauki kotso ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Ya rasu a farkon shekarun 1960. Mu Allah ya yi mana gamon katar: an ɗauki muryarsa, kuma har gobe gidajen rediyo na sa Bakandamiya. Amma ko shekarar haihuwarsa masana sun saɓa a kanta. Ashe waɗanda suka rasa murya sun riƙe tarihi, mu da muke da murya muna sakaci da shi.

Ba mu manta da ƙoƙarin malamai irin su Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, da ya rubuta littafi sukutum a kan Narambaɗa ba. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'anar zambo da habaici da sunayen fadawan da ke cikin waƙoƙin nan tana kan dattawan Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda. Ga tsufa, ga kuma ta'asar 'yan bindiga da ta tarwatsa ƙauyuka da yawa. Haka lamarin Kassu Zurmi, mawaƙin 'yan tauri, yake.

Wani zai ce kiɗa aikin maroƙa ne, bai cancanci kuɗin hukuma ba. Kaico! A bakin maroƙan nan tarihin sarautun Gobir da Zamfara da tatacciyar Hausa suke.

Don haka muna kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda da Jami'ar Tarayya ta Gusau su keɓe ɗaki don faya-fayan makaɗan yankin. Mu kuma kowa na da waya a aljihu. Wannan hutun, a zauna gaban tsoho, a ɗauki bayaninsa, a rubuta sunan gari da kwanan wata, a kawo wa sashen Hausa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.