Remini ba faɗaɗa hoto yake yi ba, sabuwar fuska yake ƙirƙira

Masu shagon hoto na Madarunfa da Maraɗi, don Allah ku daina zuba hotunan iyayenmu cikin Remini. Mutum ya kawo ɗan hoton marigayi mahaifinsa a faɗaɗa masa ya rataye a ɗaki, sai ku miƙo masa wani baƙo mai sulɓin kumatu, an share tsagar gado, an jera haƙora. Uban wa ke nan?

Manhajar ba ta iya dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Canka take yi daga fuskokin da aka horar da ita a kansu, tsagar Katsinawa da Gobirawa kuwa sai ta ɗauke ta tabo. Ni gara mini dishi-dishi da wannan ƙarya.

Na san za ku ce mai hoto ne ke son shi tas. To, ku fara neman asalin hoton. Wanda ya biyo ta WhatsApp an riga an matse shi, a sake turo shi a matsayin fayil. Na takarda a yi masa sikan a ɗigo 600, a gyara da Photoshop ko GIMP, wanda kyauta ne. Bugun santimita 20 da 30 yana son kusan megafiksel 8. In bai kai ba, ku buga ƙarami, ku rage kuɗin.