Tsofaffin hotunan gadoji ba kayan shara ba ne

A shekarar 2003 aka rushe Zangouettin, tsohon zangon Hausawa na Wagadugu, saboda shirin ZACA, aka kwaso mutane da yawa zuwa nan Ouaga 2000. Gida ya tafi, lungu ya tafi. Yau in ka ce wa yaro "can aka haifi kakanka", wane abu za ka nuna masa?

Ni a ganina, amsar tana cikin akwatunan iyayenmu mata: tsofaffin hotunan nan masu baƙi da fari, musamman waɗanda aka ɗauka a bakin gada. Dalili kuwa, gida ana rushe shi, amma gada takan zauna inda take. Hoton gadar Kadiogo, mai haɗa tsakiyar gari da Gounghin, yana nuna wa ɗalibi inda gari ya tsaya a da, da irin kekuna da tufafin mutanen lokacin. Ni malamin makaranta ne, na san hoto ɗaya yana shiga kan yaro fiye da shafi goma.

Dubi maƙwabtanmu na Yamai. An buɗe gadar Kennedy a 1970. Kafin nan da jirgin fito ake ƙetare kogin Kwara. A kanta aka harbe ɗalibai ranar 9 ga Fabrairu 1990. Kowane hoton gadar nan shaida ne.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne, akwai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. To, mu tuna ranar 1 ga Satumba 2009, da aka yi ruwan sama fiye da milimita 260 a Wagadugu. Ruwan ya shiga har ma'ajiyar finafinai ta FESPACO, ya ɓata kaya masu yawa. In haka ta samu ma'ajiya mai ma'aikata, ina ga akwatin da ke ƙarƙashin gado, ga gara ga danshi?

Abin yi ba shi da tsada. Kowane gida ya fito da hotunansa, a ɗauki kwafinsu da wayar hannu, a zauna da tsoho ya faɗi wuri da shekara da sunayen mutanen ciki, a rubuta a baya da fensir, ba da biro ba. Makarantu da kwamitocin masallatai su tattara kwafin. Kuma don Allah kada a sayar da na asali ga masu yawon sayen kayan da.

Tsofaffin da suka san fuskokin nan kullum raguwa suke yi. A tambaye su tun suna raye.