A Raba Labari Da Sharhin Siyasa

Ɗan Arewa da ke zaune a Sabo ta Badun, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, in ya kunna rediyo da asuba, so yake ya ji ko hanyar Lakwaja lafiya, ko motocin tumatir sun iso kasuwar Mile 12, ko an kafa dokar hana fita a garin da ƙanensa yake. Bisa ga abin da ya ji ne zai buɗe rumfa ko kuwa ya kwashe iyali. Saboda haka babu wanda ya kai shi cutuwa idan aka dama labari da ra'ayin siyasa a ƙwarya ɗaya.

Dattawa ba su manta da abin da ya auku a ƙarshen watan Satumba na 1966 ba. Rediyon Kwatano ya watsa cewa ana karkashe 'yan Arewa a Jihar Gabas, gidan rediyon Kaduna ya maimaita, a daidai lokacin da zukata ke tafasa a kan juyin mulki biyu na shekarar. Nan take aka far wa Inyamurai a garuruwan Arewa, dubban rayuka suka salwanta, kana 'yan Arewa da ke Gabas su ma suka baro dukiyoyinsu. A ko'ina baƙo ne ya ɗauki nauyin maganar da ba shi ya yi ba.

To, ba a daina ba. Rikicin kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021 daga sa-in-sa tsakanin wani ɗan dako da wata 'yar kasuwa ya taso. Kafin Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, masu baki sun riga sun ɗinke shi da gardamar makiyaya da manoma wadda ke ci a lokacin, har ya zamana mai saurare daga nesa ba ya iya tantance abin da ya faru daga abin da ake so ya ɗauka. An ƙone shaguna da gidaje, an rasa rayuka, kuma daga bisani 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki.

Ba wanda ya ce jarida ta rufe bakinta. West African Pilot da Dokta Azikiwe ya kafa a 1937, da Nigerian Tribune da Cif Awolowo ya kafa a Badun a 1949, duk sun yi wa ra'ayin masu su yaƙi a fili, ba kuwa laifi ba ne. Jaridar jam'iyya tana da 'yancin tallata manufarta. Amma fa sharhi ya zauna a shafinsa, da sunan mai shi a kai, domin mai karatu ya san da wa yake jayayya. Shafin labari kuwa ya tsaya a kan wane ne, a ina, yaushe, mutum nawa, da wanda ya tabbatar. Sanarwar da ɗan siyasa ya biya kuɗi a kanta a rubuta mata talla, kada a lulluɓe ta da mayafin labari.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne kanun labari. In direbobi biyu sun yi faɗa a tasha, sai a buga sunan ƙabilunsu da manyan baƙaƙe, alhali kuwa a kan lodi suka saɓa. Da yawa kanun kaɗai ake karanta musu a majalisa bayan sallar isha'i.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni a Kudu su ma wannan ya shafe su. In za su yi wa jama'a shela a kan tsaro ko rufe kasuwa, su yi ta ita kaɗai, su ware wa batun zaɓe wani zama dabam.