Kiwon Aku Ba Wasan Yara Ba Ne

Duk ɗalibin da ya karanta Magana Jari Ce, littafin Alhaji Abubakar Imam wanda aka fara bugawa a 1937, ya san yadda aku ya yi ta ba da labari har ya zama waziri. Shi ya sa da yawa daga cikinmu ke sha'awar a ce ga aku a zauren gidansu yana gaida baƙi. A ganina ya kamata a sa wa wannan sha'awa linzami, domin aku ba tantabara ba ne da za a watsa masa tsaba a yi gaba.

Da farko mu dubi asalinsa. Aku mai ruwan toka da jar wutsiya ɗan kurmi ne, daga kudancin Nijeriya da Kamaru da Kwango ake kamo shi. Can yana cikin inuwa da damshi, yana tashi cikin garke, shi da matarsa ba su rabuwa. To, a ɗauko wannan tsuntsu a kawo shi Anka ko Gummi ko Bukkuyum, inda zafin bazara kan wuce awo 40, ga ƙurar hunturu, a rataye shi shi kaɗai cikin ɗan kejin da ko fukafuki ba zai miƙe ba, yaya zai ji daɗin rai?

Akwai kuma ɗan'uwansa fari fat, wanda Turawa ke kira kokatu, da muke gani a hotunan waya. Asalinsa tsibiran Maluku ne na ƙasar Indunusiya. Yana da tukku wanda yakan buɗe kamar laima in ya yi murna ko ya tsorata. Halinsa kamar na yaron goye ne, kullum yana so a ɗauke shi a shafa shi. In maigidansa ya fita ya bar shi, sai ya yi ta tsala ihu har maƙwabta su kawo ƙara. In kaɗaici ya yi masa yawa yakan fige gashin jikinsa da kansa, wani lokaci har ya ji wa kansa ciwo. Akun namu ma haka yake yi.

Bayan haka ga hidima. Gyaɗa kaɗai ba ta ishe shi abinci ba, sai an haɗa da masara da ganye da 'ya'yan itace irin su gwanda da mangwaro, da ruwa mai tsabta kullum. Hayaƙin murhu yana ɓata masa huhu. Kuma ba ya ganin abu bai gwaguya ba. Mutanen Anka da Bukkuyum ba sai an gaya musu sharrin dalma ba, tun bala'in 2010 da ya ci yara fiye da 400. Tsuntsu kuwa, ɗan abin da ya haɗiya daga tsohon fenti ya isa ya kashe shi. Wannan hidima ba ta wata ɗaya ba ce, gama aku yakan kai shekara 50 a duniya. Ɗalibin da ya saya yau, gobe in ya tafi jami'a wa zai bar wa?

Bugu da ƙari, yawan kamu ya sa aku yana ƙarewa a daji, kuma da yawa kan mutu a hanya kafin su iso kasuwa. Saboda haka a 2016 ƙasashen duniya suka taru a Johannesburg ta Afirka ta Kudu suka hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk wanda ya saya, shi ke ƙara wa masu tarko ƙarfi.

Wani zai ce ai tsuntsu ne kawai. Amma malamanmu sun karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba. Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, wanda ke son kiwo ya kama tantabara ko zabi, waɗanda suka saba da ƙasarmu. Wanda kuwa ya riga ya mallaki aku, to, ya faɗaɗa masa keji, ya ajiye shi a inuwa cikin jama'a, ya riƙe shi amana.