Maganin Zaizayewar Ƙashi: Kada A Ajiye Shi A Ɓoye

Jama'a, akwai wata cuta da ba ta yin sallama, ba ta kuma sa ciwo sai ta gama ɓarna. Likitoci suna kiranta ostiyoforosis, mu kuwa a wannan fili bari mu ce mata zaizayewar ƙashi. Yadda gara kan cinye cikin itace ta bar bayansa sumul, haka wannan cuta kan yi wa ƙashin mutum, musamman mace bayan ta daina al'ada. Ba a farga sai ran da tsohuwa ta zame a makewayi, irin faɗuwar da yaro zai tashi ya karkaɗe riga ya wuce, ita kuwa katara ta karye. Wata ma ba ta faɗi ba, sai dai a ga tana ta rankwafawa shekara da shekaru, a ce tsufa ne, alhali kuwa ƙasusuwan bayanta ne suke lotsewa ɗaya bayan ɗaya. Masana sun ƙiyasta cewa a duniya mace ɗaya cikin uku, da namiji ɗaya cikin biyar, daga cikin waɗanda suka haura shekara 50, za su gamu da irin wannan karaya.

To, magani akwai shi. Abin da ya sa muka ɗauko zancen a wannan mako shi ne yadda ake rabuwa da maganin. Tun da cutar ba ta ciwo, maganin kuwa yakan sa ƙwannafi da ciwon jiki, sai mai shansa ta yanke hukunci cewa maganin ne ke cutarta, ta tura kwalin ƙarƙashin katifa ba tare da ta gaya wa kowa ba. A ƙasashen da ake bin diddigin irin wannan abu, an gano kusan rabin masu shan ƙwayar sukan daina kafin shekara ta zagayo. Galibin wannan wahala kuwa tana da makari.

Ƙwayar da aka fi bayarwa ita ce alendironet, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 1995 da sunan Fosamax. Yawanci miligiram 70 ne, sau ɗaya a mako. Aikinta shi ne ta rage hanzarin ƙwayoyin halittar da ke rushe tsohon ƙashi, domin masu gina sabo su cim musu, kuma gwaji ya nuna tana rage karayar ƙashin baya da kimanin rabi. Amma fa tana da sharuɗɗa kamar sarauniya. Abin da hanji ke tsotsa daga cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, in kuwa ta tarar da koko ko shayi da madara a ciki, ɗan wannan ma ya tafi a banza. Saboda haka tilas a sha ta da safe kafin a sa kome a baki, da ruwa zalla cike da babban kofi, a haɗiye ta ɗungum, ba tauna ba tsotsa. Sa'an nan a zauna a miƙe ko a tsaya har minti 30, ba ci, ba wani magani, ba kwanciya.

A nan ne akasari ake samun kuskure a gidajenmu. Tsohuwa ta idar da sallar asuba, ta kora ƙwaya da kurɓi ɗaya na ruwa, ta koma shimfiɗa. Ƙwayar ta maƙale a hanyar abinci ko ta dawo tare da ruwan ciki, ta ƙona wurin, da hantsi a ji tana kukan ƙirji. Dabara ita ce a sha bayan an idar da salla, don kada ruku'u da sujada su faɗo cikin rabin awar nan, kana a zauna a yi lazimi ko a ɗan zazzaga tsakar gida. Da azumi kuwa, ranar shan magani sai a tashi da wuri, a sha, a jira rabin awa a zaune kafin a taɓa abincin sahur. Wanda ba ya iya zama a miƙe na wannan lokaci, ko mai wahalar haɗiya, ko mai ciwon ƙoda mai tsanani, wannan ƙwaya ba tasa ba ce. In kuwa haɗiya ta soma zafi, ko ƙirji ya riƙe, a dakata a koma wurin likita a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Wanda cikinsa ya ƙi ƙwaya duk da kiyaye sharuɗɗa, akwai zoledironet, wanda aka amince da shi don wannan cuta a 2007. Ƙarin ruwa ne na kimanin minti 15, sau ɗaya a shekara, ba ruwansa da ciki. Nasa aibin shi ne, kimanin mutum ɗaya cikin uku yakan yi zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi bayan karon farko, kwana ɗaya zuwa uku, sa'an nan ya wuce, karo na biyu kuwa da wuya ya maimaita. Mu da kowane zafin jiki muke kiransa zazzaɓin cizon sauro, lalle a san da wannan tun kafin a bar asibiti. Farasitamol da yawan shan ruwa sukan wadatar, amma gwajin jini ba shi da tsada, a yi shi don a fita shakka. Kafin a ɗaura ruwan kuma, likita zai duba ƙoda da yawan kalsiyam a jini.

Har wa yau akwai allurar denosumab, mai suna Prolia, wadda ta fito a 2010, ana yinta a ƙarƙashin fata kowane wata 6. Tana da sauƙi ga jiki, sai dai ina jan kunnen masu karatu a kanta fiye da sauran. Ita ba ta zama a cikin ƙashi. Da zarar an daina, ko an yi jinkiri mai yawa, ƙashin da aka tara yakan zube cikin kamar shekara guda, wasu har ƙasusuwan baya da dama su karye a jere. Ga tsada, ga shi sai an ajiye ta cikin firiji, a ƙasar da kowa ya san halin wutar lantarki. Iyalin da ba su tabbata za su iya saye a kan kari ba, su faɗa wa likita gaskiya tun farko. In kuma za a daina, wajibi ne a maye gurbinta da ɗaya daga cikin magungunan nan biyu da muka ambata.

Akwai abu biyu da kan firgita masu karance-karance. Na farko mutuwar ƙashin muƙamuƙi, wadda aka fara ba da rahotonta a 2003. Galibi masu ciwon daji ta fi samu, waɗanda ake ba su maganin da yawan gaske. Ga mai zaizayewar ƙashi kuwa, ƙiyasin ya kama daga mutum 1 cikin 10,000 zuwa 1 cikin 100,000 a shekara. Rigakafinta a ga likitan haƙori kafin a fara magani, a gyara abin gyarawa, kuma kada a yarda wani ya cire haƙori a bakin kasuwa. Na biyu wata irin karayar cinya da kan biyo bayan shekaru masu yawa ana sha. Takan yi gargaɗi da ciwo mai nauyi a cinya ko matsematsi na makonni, wanda ya ji shi ya nemi a yi masa hoto. Don haka ne likitoci kan sake duba al'amarin bayan shekara 5 na ƙwaya ko 3 na ƙarin ruwa, wani a ba shi hutu, wani a ce ya ci gaba.

Sau da yawa akan tambaya, shin abinci ba zai wadatar ba? Abinci shi ne tubali, maganin ma ba ya aiki sosai in babu shi. Dattijo yana bukatar kalsiyam miligiram 1,000 zuwa 1,200 a yini, kofin nono ko kindirmo kuwa yana ba da wajen 300. Ga zogale, ga kuka, ga riɗi, ga ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu. Kada mu ɗauka muna samun isasshe, domin binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban abin da ke lanƙwasa ƙafafun yaran da aka duba. Bitamin D kuma daga rana fata ke samunsa, saboda haka tsohuwar da ke wuni a ɗaka a fito da ita ta sha hantsi, ta taka ƙafa. A sa fitila a hanyar makewayi, a kankare gansakuka, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, a duba mata ido. Amma wadda ta riga ta karye sau ɗaya, miyar kuka kaɗai ba za ta tsare ta daga ta biyu ba. Mai ɗori ma, kome gwanintarsa, karayar ya ɗora, gara tana nan a ciki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda ake komawa bayan an ajiye maganin asibiti. Akan aika yaro kemis ya karɓo haɗi na ciwon jiki, a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda babu suna. Cikin irin wannan haɗi, da cikin abin da ake kira maganin ƙiba, ba a rasa deksametazon ko firedinisolon. Suna kwantar da ciwo nan take, har a sa wa mai kemis albarka, alhali cikin magunguna su ne kan gaba wajen zaizaye ƙashi in an daɗe ana sha. Mai tsohuwa a gida ya buɗe jakarta ya ga abin da take haɗiya. In ya tarar ta yi makonni a kansu, kada ya ƙwace a rana ɗaya, gama yanke su farat ɗaya yana da nasa haɗarin. Ya kwashi ledojin duka, da kwalin da ke ƙarƙashin katifa, ya kai wa likita ya tsara yadda za a janye su sannu a hankali.